Yadda ake tayar da tsofaffin wasannin hannu masu gilashin LCD a kwamfuta

Laminu: Assalamu alaikum ƴan uwa. Tambaya gare ni ga masana. Ƙananan wasannin nan na hannu na da, masu baƙaƙen siffofi a kan gilashi irin na agogo, kamar Game & Watch na Nintendo da Brick Game mai bulo yana faɗowa, ana iya buga su a kwamfutar yanzu yadda suke na asali? Na sa MAME, manhajar da ke kwaikwayon tsofaffin na'urorin wasa, na kira wasan, sai ta ce wai akwai fayilolin da babu. Kwamfutar Core i3 ce tsohuwa, RAM giga 4, Windows 10.

Malam Issa: Wa alaikumus salam Laminu. Ana iyawa, kuma kwamfutarka ta isa har da ragi. Sai dai ka fara gane yadda na'urar take, don matsalarka daga nan ta taso.

Gilashin waɗannan wasanni ba ya zana hoto yadda allon waya yake yi. Kowace siffa, mutum ne a tsaye, ƙwallo ce a sama, ƙwallo ce a ƙasa, tun daga masana'anta an riga an zana ta a jikin gilashin a wurin da za ta zauna har abada. Aikin aisin (IC, ƙwaƙwalwar na'urar) da ke ciki shi ne ya ce wannan ta kunnu, waccan ta mutu. Motsin da ido yake gani, siffofi ne ke kunnuwa bi da bi. Shi ya sa in ka kwafo shirin da ke cikin aisin kaɗai, ba ka kwafo wasan ba, don shirin bai san kamannin mutum ko na ƙwallo ba, lambar waya kawai ya sani.

Saboda haka abu uku ake haɗawa. Na farko ROM, wato shirin da ke cikin aisin. Na biyu fayil ɗin SVG, zanen dukan siffofin gilashin, kowace da lambarta. Waɗannan biyun a zip ɗaya suke zama, a foldar roms, kuma ba a kwance zip ɗin. Na uku hoton bango mai launi da na jikin na'urar, shi kuma zip ne daban mai suna iri ɗaya da na wasan, a foldar artwork. In na ukun babu, wasa zai tashi, amma baƙaƙen siffofi za ka gani a kan fili fayau, babu teku babu gini. In ɗaya daga biyun farko babu, ba zai tashi ba sam, saƙon da ka gani ke nan.

Buɗe cmd a cikin foldar MAME ka rubuta mame -listfull gnw_* za ta jero maka sunayen. Ball shi ne gnw_ball, Parachute gnw_pchute, Octopus gnw_octopus, Donkey Kong gnw_dkong. Sannan mame -verifyroms gnw_pchute, za ta faɗa maka takamaimai fayil ɗin da ya ɓata ko wanda bai dace ba.

Laminu: Na gode Malam. Na yi, ta nuna SVG ɗin ne babu. Ashe ɗan ƙaramin fayil ɗaya ne kawai a cikin zip ɗin.

Hadiza: Haka ake yawan samu. Akwai kuma wata fuskar matsalar: SVG ɗin yana nan, amma ta ce lissafin tantancewarsa bai dace ba. Dalili, masu MAME suna gyara zanen gilashi lokaci lokaci in an sami sikanin da ya fi kyau, sai lambar CRC ta fayil ɗin ta canza. Zip ɗin da aka haɗa wa tsohuwar fitowa ba lallai ya dace da sabuwa ba. A riƙa duba lambar fitowar MAME da ta tarin ROM su zama ɗaya. Canza wa fayil suna ba ya maganin komai, abin da ke cikinsa ake tantancewa.

Kan ƙanƙantar ROM ɗin, Laminu, kada ta ba ka mamaki. Aisin kamfanin Sharp ne, dangin SM5, mai bit 4. SM510 da ke cikin Donkey Kong na 1982 ROM ɗinsa bait 2772 ne kacal, RAM kuma gurbi 128 mai bit 4 kowanne, 32 daga ciki na gilashi ne. Kiristal ɗinsa 32.768 kHz, irin na agogon hannu sak, umarni ɗaya yana cin kimanin mikrosakan 61, wato wajen umarni 16,000 a daƙiƙa. Na farkon, irin su Ball na 1980 da Parachute da Octopus na 1981, SM5A ne, wanda ma ya fi wannan ƙanƙanta.

Ga wanda zai leƙa cikin ROM ɗin da kansa: 2772 shafi 44 ne sau 63. Ba 64 ba. Ma'aunin adireshi na aisin ba ya ƙirga ɗaya, biyu, uku a jere. Yana tsalle ne bisa wani tsari na gusa bit, wanda yake zagaya gurbi 63 a shafi. Wanda ya karanta fayil ɗin a jere daga farko zuwa ƙarshe zai ga kamar shirme ne, alhali lafiyarsa ƙalau.

Sanusi mai gyara: Ni fa ina da ja a nan. Duk wannan ɗawainiya ta mece ce? A RetroArch, manhajar da ke tattara injunan kwaikwayon wasanni, akwai injin gw, ka sa fayil ɗaya mai ƙarewa da .mgw, wasa ya tashi da hotonsa da ƙararsa, har a ƙaramar wayar Android. Babu neman zip biyu, babu dacewar fitowa. Mutumin da data ke masa tsada, me zai kai shi sauke MAME mai nauyi don wasan da bai kai kilobait 3 ba?

Malam Issa: Sanusi, batun sauƙi gaskiyarka ne, ba na musu. Amma ba abu ɗaya ba ne. Fayilolin .mgw daga aikin MADrigal aka juyo su, wani ɗan Italiya da ya daɗe yana wannan hidima tun kafin a iya karanta aisin. Shi kallon na'urar ya yi, ya buga, ya auna, ya sake rubuta wasan da hannunsa yadda zai yi kama. Aiki ne mai daraja. MAME kuwa ba ta sake rubuta wasan ba. Aisin ta gina a cikin kwamfuta, ta ɗora masa ainihin shirin da injiniyoyin Nintendo suka rubuta. Wancan tela ne ya kalli riga ya ɗinka irinta, wannan kuwa rigar ce kanta.

A minti biyun farko ba za ka ga bambanci ba. Sai maki sun yi nisa: yadda gudu yake ƙaruwa, lokacin da yake ɗan lafawa, jerin da abubuwa ke faɗowa, abin da ke faruwa in ka danna maɓalli daidai lokacin da siffa ke sauyawa. Waɗannan duka daga lissafin cikin shirin suke fitowa, mai kallo daga waje hasashe kawai zai yi.

Sanusi mai gyara: To ai manyan dokokin an san su. A Parachute kuskure uku wasa ya ƙare, a maki 200 da 500 a goge maka kurakurai. Wannan a takardar wasan ma yake, duk mai sake rubutawa zai sa.

Hadiza: Zai sa, Yaya Sanusi. Abin da takarda ba ta faɗa ba shi ne wurin da ake rabuwa. Ga gwaji mai sauƙi ga duk mai na'urar asali: a ɗauki bidiyonta da waya, a ɗauki na MAME, a ɗauki na .mgw, duka a Game A, wato salon wasa na farko cikin biyun da na'urar take da su. A ƙirga ƙarar "tit" nawa ake yi a daƙiƙa 30 a farkon wasa, a sake ƙirgawa bayan maki 100. Ba sai an yi gardama da baki ba, kunne zai raba.

Ni a ganina kowanne da wurinsa. Yaro yana son ya buga a waya, .mgw ya wadatar. Amma in maganar adanawa ake yi, don bayan shekara 50 a san yadda abin yake, to sai ROM da SVG.

Sanusi mai gyara: Wannan na yarda. Amma a gaya wa mutane gaskiya game da waya, don da yawa suna sauke MAME4droid, wato MAME ta Android, su ce ba ya aiki.

Malam Issa: Ƙwarai. Tsohon MAME4droid a kan MAME 0.139 ta 2010 aka gina shi, su kuma wasannin Game & Watch sai 2017 suka fara shiga MAME. Haka injunan mame2003 da mame2010 na RetroArch, ba su san da su ba ko kaɗan, ko ROM ɗinka lafiya lau yake. Sai sabon MAME4droid da ke bin fitowar yanzu, ko injin MAME na yanzu a RetroArch. Mai Windows na bit 32 kuma, 0.217 ce ta ƙarshe da aka fitar masa a shirye. Tana da wasannin da dama, amma sai ya nemi tarin da ya dace da ita.

Laminu: Alhamdu lillahi ya tashi. Matsala biyu: na danna 1 don fara wasa bai fara ba, kuma da na sa hoton bango sai ƙarar ta riƙa yankewa.

Abdu na Ali Ɗan Sofo: Kibod ɗinka AZERTY ne, irin na Faransa, ko? Yawancin waɗanda ke shigowa nan ta Kwatano haka suke. Kada ka haɗa da Shift. Danna maɓallin da ke da alamar & shi kaɗai, shi ne Game A; na kusa da shi mai é shi ne Game B. MAME wurin maɓalli take dubawa, ba harafin da ke fitowa ba. In duk da haka ya ƙi, danna Tab, shiga saitin maɓallan wannan na'urar, ka ɗora Game A, Game B, Time da hagu da dama a inda ya yi maka daɗi. Shawarata ka ɗauke tsalle daga Ctrl ka mai da shi Space. Wasu kibod masu arha ba sa karɓar wasu maɓallai uku a lokaci guda, kuma a tsofaffin direbobin Intel, Ctrl da Alt da kibiya suna kifar da allo gaba ɗaya.

Yankewar ƙara kuwa alama ce gudu ya sauka ƙasa da kashi 100. Danna F11 za ka ga adadin a saman allo. Ba aisin ne ke da nauyi ba, umarni 16,000 a daƙiƙa ba komai ba ne wurin i3. Hoto ne. MAME tana mai da SVG ɗin babban hoto, sannan ta jera shi da hotunan bango da na inuwa da na jikin na'ura, ɗaya bisa ɗaya, kuma wasu hotunan manya ne ƙwarai. Abin yi, bi da bi:

Tab, Video Options, zaɓi kallon da ke nuna gilashi da bango kawai ba tare da jikin na'urar ba. In bai isa ba, tayar da shi a taga: mame gnw_pchute -window -nomaximize. In bai isa ba, gwada -video opengl ko -video bgfx ko -video d3d, wanda ya fi dacewa da katinka. -video gdi ne na ƙarshe, don shi komai a kan furosesa yake ɗorawa. In har yanzu, kwance zip ɗin artwork, rage girman hotunan PNG zuwa rabi, ka mayar da sunayensu yadda suke. Fayil ɗin default.lay da ma'aunin wuri yake aiki, ba da yawan ɗigon hoto ba, don haka komai zai zauna a mazauninsa.

Kuma ka lura ko a kan batir kake. Da kuran ya ɗauke, Windows takan rage ƙarfin furosesa. Ga zafin watan Afrilu da ƙurar hunturu da ke toshe fanka. Kwamfutar da ta yi zafi da kanta take rage gudu. A busa fankar, a ɗaga bayanta daga kan katifa.

Laminu: Kallon da babu jikin na'ura ya gyara. Kashi 100 cif.

Hadiza: Madalla. Ƙari ɗaya: agogon da ke cikin wasan ba ya ɗaukar lokaci daga kwamfuta, shirin ne yake ƙirga shi daga kiristal, sai an saita da hannu kamar na asali. In ka tsayar da wasa, agogon ma ya tsaya. Ba lalacewa ba ce.

Alhaji Mamman: Sannunku da ƙoƙari yara. Ina bin ku tun ɗazu. Tambayoyi biyu. Su waɗannan ROM ɗin, ta yaya aka ciro su daga abin da ba shi da wurin sa waya? Na biyu, wanda yake da na'urar a ajiye, gilashin ya dushe, me zai yi?

Malam Issa: Barka da warhaka Alhaji. Hanya biyu ce. Ta farko, a narkar da baƙar robar da ta rufe aisin, a fito da ƴar ƙwayar silikon ɗin, a ɗauki hotonta da madubin ƙara girma. A irin wannan aisin, shirin a jikin ƙwayar aka buga shi tun masana'anta, don haka bit ɗin ana ganinsu da ido, layi layi, a karanta su ɗaya bayan ɗaya. Sean Riddle ya yi wannan aiki a kan aisi masu yawa. Na'urar ta tafi ke nan, ba ta dawowa. Ta biyu, wasu daga aisin Sharp suna da yanayin gwaji na masana'anta, wanda in an ba wasu ƙafafu siginar da ta dace, sai aisin ya riƙa fito da abin da ke cikinsa. Wannan ba ya kashe na'ura. Ta farkon aikin ɗakin bincike ne, da asid mai ƙona fata da huhu. Kada wani ya gwada a shago ko a gida.

Gilashin kuma ana kunna dukan siffofinsa a lokaci guda, a yi masa sikanin mai ƙarfi, a bi kowace siffa a zana ta a manhajar zane ta Inkscape, a ba ta suna da lamba uku, misali 0.5.2: rukunin waya, lambar waya, da layin gama gari. Da wannan lambar MAME take sanin siffar da za ta kunna. In aka ba siffa lambar da ba tata ba, sai ka ga hannun mutum ya bayyana a inda ƙafa ya kamata.

Tambaya ta biyu ta Sanusi ce.

Sanusi mai gyara: Ranka ya daɗe, kafin komai a cire pil ɗin da ke ciki. Pil da ya kwana shekaru yana zubar da ruwa ya ci ƙarfen, shi ne ya fi kashe su. In an ga farin gari ko kore a wurin, a goge da ɗan auduga da ruwan khal kaɗan, a bi da alkol, a bari ya bushe sarai.

Pil biyu suke ci, volt 3 ke nan. Na farkon irin su Ball, LR43. Donkey Kong mai allo biyu, LR44. Wurin masu agogo a babbar kasuwa ku ce AG12 da AG13, sunan da ke jikin kwali ke nan. Faɗinsu ɗaya, milimita 11.6, kaurin ne ya bambanta: 4.2 da 5.4. Kada a danna LR44 a gidan LR43, murfin yake karyawa.

Dushewa, galibi ba gilashin ne ya mutu ba. Akwai wata siririyar leda mai tace haske a gabansa, ita rana da zafi suke cinyewa. Masu gyaran allon waya sun san ta. A samo sabuwa, kafin a yanka a ɗora ta a kan gilashin yana kunne, a riƙa juya ta a hankali har fili ya yi haske, siffofi su yi baƙi ƙirin. A wannan kusurwar za a yanka. In aka yanka a karkace, sai ya fito dishi dishi, in kuma aka juya ta digiri 90, fili ya koma baƙi siffofi su yi fari.

In wasu siffofi ne kawai suka ɓace, robar zebra ce, wadda ke tsakanin gilashi da farantin wayoyi. A goge bakinta da wurin zamanta da alkol, a mayar daidai, a ɗaure sukurori a hankali bi da bi don matsin ya zama ɗaya. Baƙin tabo da ya bazu kamar tawada kuwa, ruwan cikin gilashin ne ya fita hayyacinsa, ba shi da gyara. Kuma kada a ɗora wa gilashi pil kai tsaye don a ga siffofi. Wutar da ke juyawa yake so, mai tafiya hanya ɗaya tana lalata shi. A Game & Watch maɓallin ACL yana kunna su duka.

Abdu na Ali Ɗan Sofo: Ba a taɓa Brick Game ba, kuma shi mutanenmu suka fi sani.

Hadiza: Shi ne mai wuyar. Game & Watch kamfani ɗaya ne, Gunpei Yokoi ya tsara, daga 1980 zuwa 1991, kowanne da lambarsa: Ball AC-01, Parachute PR-21, Donkey Kong DK-52. An san adadinsu, an bi su ɗaya ɗaya. Har kwafin da Tarayyar Sobiyet ta yi da sunan Elektronika an san aisinsa, KB1013VK1-2, kwaikwayon SM5A, yana kuma cikin MAME.

Brick Game kuwa masana'antu barkatai ne suka yi ta bugawa, jiki iri ɗaya, gida 10 a faɗi 20 a tsawo, pil AA biyu, amma aisin da ke ƙarƙashin baƙin ɗigon robar da ke kan farantin ya sha bamban. "9999 in 1" ɗin ma wasanni ƴan kaɗan ne ake sauya wa gudu da mataki. An karanta wasu, musamman masu aisin Holtek, ana kuma iya tayar da su a BrickEmuPy, wanda aka rubuta da Python. Amma nau'in da ke hannunka ba lallai ya zama cikinsu ba. Mafi yawan manhajojin waya masu sunan Brick Game sake rubutawa ne, ba shirin asali ba.

Shi ya sa nake ganin a nan ne mu ke da abin bayarwa. Nau'o'in da suka shigo ta Jibiya da Ɗan Issa shekaru da dama, wasu ƙila babu wanda ya taɓa rubuta bayaninsu. Wanda ya samu kada ya yar, ko ya mutu. Aisin da ya daina aiki sau da yawa ana iya karanta ƙwayarsa.

Alhaji Mamman: To ƴata, me za a rubuta in an samu? Sannan batun haƙƙin masu abin fa?

Malam Issa: Batun haƙƙi a fili yake, Alhaji. MAME kyauta ce, amma ba ta zuwa da ROM ko ɗaya, don shirin mallakar kamfanonin ne, Nintendo kuwa tana nan da ranta, har ta sake fitar da sabon Game & Watch a 2020. Don haka ba ma raba su a zauren nan. Mai son ya ɗanɗana, Internet Archive ta buɗe wani sashe a 2018 na wasannin hannu, irin na Tiger da Konami, ana buga su a cikin burauza ba tare da an sa komai ba.

Hadiza: Abin rubutawa, Baba: hoton gaba da baya da na kwali in yana nan. A kwance, a ɗauki farantin fuska biyu yadda duk rubutun da ke jikinsa zai karantu, musamman lamba ko shekarar da ke kusa da baƙin ɗigon. A ƙirga layukan da ke zuwa gilashi. A ɗauki gilashin lokacin da aka sa pil, don wasu suna kunna dukan siffofi na ɗan lokaci. Waya ta tsaya cak a kan wani abu, ta fuskanci gilashin sosai ba a karkace ba, a inuwa, ba filasha. Sai bidiyon minti biyu ko uku na kowane wasa tare da ƙararsa, a wuri shiru, da kiɗan da yake yi in an kunna. Da kiɗan da jerin haruffan wasanni ake gane ko nau'in ɗaya ne da wanda aka riga aka karanta. A ajiye na'urar babu pil a ciki, cikin leda, nesa da rana, a liƙa mata takarda mai lamba ɗaya da ta foldar hotunanta.

Sanusi mai gyara: Wurin kwancewa a kula da wayoyin lasifika da na gidan pil, siraran gaske ne, da an ja murfin baya da ƙarfi suke tsinkewa daga dalma. A buɗe shi kamar littafi, ta gefen da wayoyin suke. Robobin maɓalli kuma a ɗauki hotonsu kafin a ɗaga, don ba duka ne ke shiga gidan juna ba.